Sunan da Na Sa Aka Sassaƙa a Jikin Maɗaci

Ku 'ya'yana, na sha jin yadda kuke ba baƙi labarin allon nan da ke bakin rumfar shinkafa, kuma kowa da nasa. Umaru yana cewa dabarar kasuwa ce na yi, wai don manoman ƙetare sun san yayarku. Sa'a tana cewa babanku ne ya zaɓi sunan. Zainabu kuwa, wadda aka yi komai a gabanta, in ta fara sai dariya ta hana ta kai ƙarshe. To, tun da Allah ya nufa hannuna ya iya riƙe biro bayan na yi furfura, gara in zauna in rubuta muku da kaina, tun idona yana gani.

Yayarku ita ce 'yar farina, kuma kun san yadda aka tarbiyyantar da mu. Mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko kuka yake yi sai ta kau da kai har wata ta ɗauka. Da aka yaye ta, Gwaggo Dije, yayar babanku da ke aure a ƙetaren iyaka, can ɓangaren Benin, ta zo ta goye ta ta tafi. Na tsaya a bakin ɗaki ina tsintar wake, ban ɗaga kai ba, aka yi ta yabona ana cewa yarinyar nan akwai kunya. A can ta girma, a can aka yi mata aure. In zan yi maganarta sai in ce "waccan", ko "ta wajen Gwaggo". In tana gabana sai in ce "ke". Ba ƙorafi nake yi ba. Haka uwata ta yi wa yayana, kuma ban taɓa tunanin akwai wata hanya ba.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce shekarar da na gama ajin yaƙi da jahilci, ita ce kuma shekarar da gumin shinkafa ya fi ƙarfin tsakar gidanmu. Manoma daga Bahindi da Lafagu har Geza suna kawo shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, mu jiƙa, mu turara a rabin duro, mu shanya, a kai inji. Sai babanku ya samar mini fili a bakin titi aka kafa rumfa. A lokacin yayarku takan haye da tata shinkafar zuwa kasuwar Bagudo, amma wata mata take kai wa, ba ni ba. Ta biyo gida, ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe ni, ta sha ruwa, ta tashi. Wata rana ina bayan zana ina kwashe shanya, ba su san ina nan ba, na ji Zainabu tana yi mata tsiya.

"Yaya, ke kam ko gyalenki ba ki cirewa. Gidanmu da ƙaya ne?"

"Gidanku dai," in ji ta. "Ni baƙuwa ce nan. Ku ana kiranku Zainabu, Umaru, Sa'a. Ni kin taɓa jin an kira ni?"

Ba da fushi ta faɗa ba, da dariya ma ta faɗa, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Na tsaya da faifai a hannu har kaji suka hau shanyar ban kore su ba.

Bayan kwana biyu, ina zaune da littafin ajinmu ina gwada rubuta sunayenku ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka koya mana, sai na ga hannuna ya wuce ya rubuta nata. SALAMATU. Na dubi ƙofa kamar wadda ta yi sata. Ba wanda ya ji komai, tun da ba a faɗi komai ba. Ku ba za ku gane daɗin da na ji ba. Abin da bakina ya kasa shekara talatin da wani abu, ga shi hannuna ya yi cikin sauƙi! Na sake rubutawa, na sake, sai da na cika shafi. A nan ne tunanin allon ya zo mini. Dama ana ta cewa rumfa tana son alama a bakin titi, kowannenku yana kawo sunan da yake so. Ni kuwa na riga na san abin da za a sa, kuma ba na son fenti a jikin gwangwani, wanda rana da tururin shinkafa za su goge a damina biyu. Na gaji da rubutun da ake gogewa, irin na allon aji. Ina son wanda aka haƙa a cikin itace.

Na kai wa babanku takardar bayan ya karya. Ya riƙe ta nesa da ido, ya daɗe yana dubawa. Shi ma bai furta ba, ai shi ma 'yar farinsa ce.

"Kin san abin da Yaya Dije za ta ce?"

"Na sani, Malam."

"Kuma kin ji kin gani?"

"Na ji na gani."

Ya naɗe takardar ya miƙo mini. "To, in za ki yi, ki yi mai kyau. Ki tahi Lolo wurin Gado masassaƙin jirage. Ki ce shi ba ki maɗaci, kada shi haɗa ki da farin katako."

Ranar kasuwar Lolo muka shiga mota ni da Zainabu, ina rungume da takardar a cikin zane kamar jariri. Ban iya cin komai ba don zumuɗi. Baba Gado tsoho ne Badandi, gajere, mai hannaye kamar saiwar itace, yana aiki a bakin Kwara ƙarƙashin wata babbar bishiya, jirage biyu a kife a gefensa, ɓawon itace ja ko'ina a ƙasa. Shi da jirgi ne aikinsa, amma masu jirgi da masu manyan motoci sukan sa ya haƙa musu rubutu. Da na gaya masa abin da nake so, sai ya sa aka jawo wani katako daga ƙarƙashin tamfol. Ya fi tsawon mutum a kwance, faɗinsa ya kai ƙyauren ɗaki, kaurinsa yatsa huɗu. Ya buga shi da bayan gizago, ya yi ƙara kamar turmi.

"Wanga na aje shi don gindin jirgi," in ji shi. "Jikokinki za su mutu su bar shi."

"Baba, ai sai ka yi mana addu'a mai daɗi," in ji Zainabu.

"Ke kuma wa ya sa da ke, mai bakin tsuntsu? Uwar gida, ga gawayi."

Na miƙa masa takarda, ya ƙi karɓa. Ashe shi ba ya karatun boko, kuma ba ya kwafa daga takarda. Mai allo ne zai rubuta a jikin katakon da gawayi, daidai girman da yake so, shi kuma ya bi sawun gawayin da ƙarfe. Inda ya karkace zai karkace, inda ya miƙe zai miƙe. Na ce ni rubutuna na koyon tsufa ne, Zainabu ta fi ni hannu. Zainabu ta ɓoye hannayenta a baya ta ce ita yau ciwon yatsa take yi. Haka na tuɓe takalmi, na durƙusa a kan katakon nan a gaban masunta da masu sayar da kifi, na fara. Ban taɓa yin harafi da ya wuce ƙwayar wake ba, yau ga ni ina yin mai tsawon taƙi guda. Gawayi ya karye sau uku. Na goge da bakin zane, na sake. Gumi yana ɗiga a kan itacen, amma wallahi ji nake kamar ana yi mini kiɗa. Da na gama na miƙe na ja da baya, sai ga shi layi biyu, baƙi wuluk a kan ja: SHINKAFAR a sama, sunan a ƙasa. Layin ƙasa ya ɗan gangara kamar mai saukowa rafi. Har yau kuna ganinsa haka.

Baba Gado ya zagaya shi, ya gyaɗa kai, ya ɗauko cizal da guduma. Sai ya tsaya.

"To, karanta mini."

Zainabu ta buɗe baki, ya ɗaga mata guduma.

"Ba ke ba. Mai allo."

Ya ba mu dalili. Shekarun baya wani direba ya sa ya haƙa masa rubutu a katakon mota, ashe habaici ne ga ɗan'uwansa, kuma ɗan'uwan bai je wurin direba ba, wurin Baba Gado ya zo da sanda. Tun daga ranar ya yi wa kansa alkawari ƙarfensa ba zai taɓa rubutun da mai shi bai karanta masa da bakinsa a gaban mutane ba.

Na ce, "Shinkafar…" sai na tsaya.

"Shinkafar wa?"

Na dubi ƙasa. Na ce, "Baba, ɗiyar fari ce."

Ya ajiye guduma a hankali. Ya gane sarai, don su ma suna wannan kunyar. Na ɗauka zai yi mini sassauci. Sai ya ce, "Na ji, kuma kunya abu ne mai kyau. Amma ke ce kika zo, ba ni na kira ki ba. Abin da za ki kafa a bakin titi duniya ta karanta, ki kasa hwaɗinshi gaban tsoho ɗaya? Zan ruhe shi da tamfol har kasuwa mai zuwa. In kin zo, to. In ba ki zo ba, na goge gawayi na yi jirgina."

Muka dawo gida. Makon nan na yi ta gwaji kamar mahaukaciya. In na buɗe duron shinkafa tururi ya rufe mini fuska, sai in motsa leɓe a ciki. In na je shanya ni kaɗai, in duba hagu da dama, in fara, in kai rabi, harshe ya maƙale. Zainabu ta kama ni sau ɗaya ina yi wa kaji.

"Inna, ke fa kina wahalar da kanki. Ai ba kiranta za ki yi ba. Karatu za ki yi. Kamar yadda Malama take sa ku karanta abin da ke allo."

Maganar ta yi mini daɗi, na kwana biyu ina riƙe da ita. Sai daga baya na ga wayo ne kawai. Ni na san wa nake karantawa. In zan faɗa, in faɗa a kan ɗiyata ce, in ɗauki abin da zai biyo baya. Na tuna uwata, wadda ta rasu ba ta taɓa furta sunan yayana ba, na ce a raina, Inna, ki yafe mini, ba raina tarbiyyarki na yi ba.

Kasuwa ta zagayo muka koma. Wannan karon bakin ruwa a cike yake, jirgin ƙetare ya sauke mata, kuma na hangi biyu daga garin Gwaggo Dije suna cinikin busasshen kifi kusa da mu. Zainabu ta taɓa ni ta ce mu jira su tafi. Na ce a'a. Baba Gado ya yaye tamfol, gawayina yana nan yadda na bar shi. Na gyara mayafi, na sa yatsa a kan harafin farko kamar a aji, na karanta layin sama, na sauko na karanta na ƙasa. Na faɗa. Ya fita daga bakina, ƙasa ba ta tsage ba.

Baba Gado ya sa hannu a bayan kunne.

"Mi kika ce? Guduma ta cinye mini kunne, uwar gida. Ɗaga murya."

Zainabu ta zube a ƙasa tana dariya har da hawaye. Har yau ban sani ba ko da gaske bai ji ba. Ni dai na cika ƙirji, ni da kuka sani ko akuya ban iya yi wa tsawa ba, na faɗa da ƙarfi har matan nan biyu suka juyo.

"Madalla," in ji shi. "Suna mai kyau. Bismillahi."

Ya dasa bakin cizal a kan gawayi ya buga. Wani siririn ɓawo ja ya nannaɗe ya faɗo kusa da ƙafata, ƙamshin maɗaci mai ɗaci-ɗaci ya tashi. Na tsuguna na kasa tashi. Ina kallo ƙarfen nan yana bin hannuna, duk inda na yi rawa shi ma ya yi rawa. Na ce masa ko zai ɗan gyara mini wancan da ya yi ciki kamar tulu, ya ce shi ba malami ba ne, masassaƙi ne. Sai da Zainabu ta ja ni don kada mota ta bar mu. Kwana tara ya yi yana aikin, ni kuma sau uku ina ƙirƙiro dalilin zuwa Lolo. Da ya gama haƙa, ya bi ramukan da jan ƙarfe daga wuta suka yi baƙi, ya shafe fuskar allon da man kaɗanya har tana ƙyalli.

Ranar da aka kawo shi a bayan a-kori-kura, kai ka ce amarya aka kawo. Matan da muke gumi tare suka tare shi tun daga kwana suna guɗa. 'Yan ajinmu na yaƙi da jahilci suka zo su duka, tsofaffi da jikoki a baya, suka tsaya suna haɗa baƙi da ƙarfi, kowace tana so ta riga. Maza shida suka ɗaga shi kan ginshiƙai biyu. Babanku ya tsaya can gefe da carbi, yana yi kamar ginshiƙan yake dubawa. Na dafa shinkafa da wake a babbar tukunya aka ci har masu wucewa. Ni kuwa sai in shiga rumfa, in fito, in haye titi in kalle shi daga can, in dawo.

Labari ya riga allon isa ƙetare. Bayan kwana uku Gwaggo Dije ta zo da kanta, da sandarta. Ba ta shiga rumfa ba, daga bakin titi ta aika aka kira ni. Na durƙusa.

"An ce kin tsaya bakin ruwa, gaban maza, kina shelar sunan ɗiyar fari."

"Na yi, Gwaggo."

"Ni na goye ta. Ni na yi jinyar ƙyandarta, ni na wanke ta na kai ta ɗakin miji. Da na rage ta da wani abu, sai ki hwaɗa mini ni, ba ki rataye shi a titi ba."

"Ba ki rage ta da komai ba, Gwaggo. Ni ce na rage ta."

Ta dube ni. Ta ce, "Boko ya yi miki rana." Ta juya.

Daga ranar ba ta ƙara cin abincina ba. In ta zo Bagudo ta gaisa da ƙanenta a zaure ta koma. Na je gare ta sau da yawa, da goro, da atamfa, ta karɓe ni da mutunci kamar baƙuwa, ba ta ƙara yi mini wasan da muka saba ba har Allah ya karɓi abarsa. Ina so ku san wannan, kuma kada in ji ɗayanku ya zage ta. Matar nan ta yi mini abin da ba zan iya biya ba, kuma na ɓata mata rai ina sane.

Ita kuwa yayarku shiru. Kasuwa ɗaya ta wuce ba ta zo ba, ta biyu ma haka. Na fara cewa a raina ko na yi ɓarna biyu, na rasa Gwaggo ban samu ɗiya ba. Wataƙila kunya na ba ta a cikin mutanen mijinta. Ranar kasuwa ta uku da hantsi, ina juya shinkafa a duro, Zainabu ta shigo da gudu ba ko sallama.

"Inna, kada ki waiwaya. Tana tsallaken titi. Tun ɗazu take tsaye."

Na waiwaya mana. Tana can da amalanken jaki ɗauke da buhuna, ta ɗaga kai tana kallon allon. Ta yi 'yar makaranta a ƙetare, baƙaƙen iri ɗaya ne, ta iya karantawa. Motoci suna wucewa tsakaninmu. Can ta hayo, ta zo ta tsaya a ƙarƙashinsa, ta miƙa hannu ta sa yatsa cikin ramin harafin ƙarshe, wanda ya fi gangarowa. Sannan ta shigo ta durƙusa ta gaishe ni yadda ta saba. Na amsa. Matan rumfa duk suka sami aikin yi a waje.

"Hannunki ne?" in ji ta.

"Nawa ne. Kin ga ya karkace."

"An ce kin hwaɗa. Da bakinki. An ce har sau biyu."

"Tsohon ba shi ji sosai."

Ta yi 'yar dariya, kanta a sunkuye, tana wasa da bakin gyale. Sai ta ce, a hankali, har sai da na matso, "Duk garinmu kowa ya ji labari. Masu kifi sun ji, masu jirgi sun ji. Ni kaɗai ce ban ji ba."

Na ajiye muciya. A bakin ruwa akwai allo da zan sa wa yatsa, a nan babu komai sai fuskarta, mace mai 'ya'ya huɗu, da idanun babanku. Ya fi na Lolo wuya nesa ba kusa ba. Na share hannuna a zane, na share kuma, ko da yake a bushe yake.

Na ce, "Salamatu."

Ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta suna rawa. Na jira ta. Dama ni jira ba ya yi mini wuya.

"Na'am," in ji ta.

Sai ta miƙe, ta goge ido, ta leƙa duron da ke gabana ta ce wutar ta yi yawa, shinkafar za ta dafe. Ta durƙusa ta zare itace biyu daga murhu.